Ranar Da Pak Derani Ya Hana Jirgi Fitsari

Duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfar bakin gadar jiragen ruwa ta ƙauyenmu ya san Pak Derani, ko yana so ko ba ya so. Kafin ka gyara zama ya gaya maka shi injiniyan sanyi ne. Kafin shayinka ya huce ya gaya maka sanyin tsibirin Langkawi kaf a tafin hannunsa yake. Gaskiyar magana kuwa, wadda kowa ya sani amma aka bar masa don a riƙa samun abin dariya, ita ce wani Bature ɗan Norway ya ɗaure farin jirginsa na shaƙatawa a matsayar jiragen masu hali da ke kusa da mu, ya tafi gida sai bayan damina, ya bar wa Pak Derani makulli da bokiti da tsintsiya. Aikinsa wanke daɓe da korar tsuntsaye. Baturen ya bar esi da firiza a kunne don kada jirgin ya yi fumfuna. Ranar tafiyarsa ya nuna wa Pak Derani wata koriyar fitila, ya yi ta zuba Turanci yana nuna gefen jirgi yana nuna ƙasansa, shi kuwa yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Kalma ɗaya ya tsinta a duk bayanin, kwamfaresa, kuma tun daga ranar ba mu sake hutawa da ita ba.

To, duk cika bakin nan akwai inda ya nufa. Mak Sepiah mai sayar da shinkafar kwakwa, wadda mijinta ya rasu tuntuni, ita ce ta hana Pak Derani sakat. Shi ma matarsa ta rasu, gidansa shiru, tukunyarsa ta yi tsatsa. A wajenmu mace ba ta kiran namiji Abang sai yayanta ko wanda ta ba zuciyarta, shi kuwa bawan Allah ba abin da yake so ya ji a duniya irin kalmar nan daga bakin Mak Sepiah. Ita kuma kullum "Pak Derani" take ce masa, Pak ɗin nan da ake ce wa kowane magidanci, kamar yadda take ce wa mai kawo mata gawayi. Abin da ya fi ci masa rai, ba shi kaɗai ke zarya ba. Akwai Pak Seman mai ƙanƙara, wani gajere mai baƙin baki, wanda ke yawo da tubalan ƙanƙara cikin garin katako a bayan babur.

Ana nan sai bikin 'yar Mak Sepiah ya taso. Aka taru a barandarta ana rabon aiki yadda aka saba: wa zai fafe kwakwa, wa zai kafa rumfa, wa zai tsaya kan tukwane. Da aka zo maganar ajiyar naman sa guda da jatan landen da dangin ango suka aiko, kowa ya juya ya dubi Pak Seman.

"A kawo mini," in ji shi. "Kamar kullum."

Pak Derani ya yi dariyar da ta sa kaji suka watse.

"Kamar kullum! Jama'a, a wannan zamanin ana binne naman biki a garin katako? Mak Sepiah, akwai firiza a jirgina da in kika sa hannu sai kin yi salati kafin ki cire."

"Jirginka?" in ji Pak Seman. "Yaushe aka raba gadon ba a gayyace mu ba?"

"Wanda ke riƙe da kwamfaresa shi ke da jirgi. Kai ka san kwamfaresa?"

"Ban san ta ba. 'Yar wane gida ce?"

Aka tuntsire da dariya. Mak Sepiah ba ta yi ba. Ta dubi Pak Derani ido cikin ido ta ce, "Pak Derani, 'ya ɗaya gare ni, biki ɗaya zan yi. Dangin ango daga ƙetare za su zo, masu ido ne kuma masu baki. In ka fitar da ni kunya, maganar nan da kake ta kewayawa zan ba ka amsarta ranar, a gaban mutane."

Pak Derani ya buga ƙirji har sai da ya yi tari.

Ranar da aka yanka san, mata suka yi jerin gwano da bahuna zuwa jirgin. Suna shiga suka fara "Wai! Wai!" suna rungume jiki. Wata ta ce a bar ta nan ta ƙarasa rayuwarta. Pak Derani yana tsaye da farar hular da ya tsinta a ɗakin Bature, yana ba da umarni: nama ƙasa, jatan lande sama, kada kowa ya yi numfashi da ƙarfi kusa da kwamfaresa. Komai ya tafi daidai, wallahi da an bar shi haka da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Tok Embong, tsohuwar unguwarzoma, ba ta iya hawa jirgi ba saboda gwiwa, sai ta zauna a kan gada tana kallon gefensa. Can ta ɗaga murya.

"Derani! Jirgin naka fitsari yake yi."

Aka leƙa. Ga wata 'yar ƙofa a gefen jirgi, ruwa yana tsartuwa daga ciki zuwa teku, tsuuu, ba tsayawa. Tun da aka ɗaure jirgin haka yake, Pak Derani bai taɓa sa shi a rai ba. Amma mu mutanen kwalekwale ne, kuma ko yaron goye ya san jirgin da ke fitar da ruwa, ruwa ya sha.

Pak Seman, wanda ya zo kallo a kan babur, ya tafa hannu. "Injiniya, ashe yoyo yake! Mak Sepiah, ki shirya, kifayen teku ne za su ci bikin 'yarki."

"Gumi ne," in ji Pak Derani. "Kwamfaresa tana gumi."

"Ta nan ake gumi a gidanku?"

Mak Sepiah ta dubi ruwan, ta dubi Pak Derani, ta tafi. Wannan kallon ne ya yi aiki. Mutane na watsewa ya tuɓe riga ya faɗa ruwa, ya bi ƙarƙashin jirgi da lalube. Bai yi nisa ba ya ji wani abu ya tsotsi tafin hannunsa. Rami! Rami sosai a ƙasan jirgi, yana zuƙar ruwan teku kamar jariri a nono. Ya taso yana haki yana salati. Ashe abin da Bature yake ta nuna masa ke nan. Da ya tsaya ya saurari Turancin nan, da ya ji cewa da ruwan tekun ne injin sanyi yake huce zafinsa, ya sha ta ƙasa ya fitar ta gefe. Amma Pak Derani ɗan masassaƙin kwalekwale ne, kuma a gidansu rami a jirgi magani ɗaya gare shi. Ya feƙe turken katako, ya naɗe shi da zaren ɓawon kwakwa, ya shafe da ƙaro, ya sake nutso ya buga shi da dutse har sai da ya zauna daram. Yana tasowa ya dubi gefen jirgi. Ɗis, ɗis, shiru.

Rumfar shayi ta sha labari da yammacin nan.

"Turawa da iliminsu, su ƙera jirgi su manta rami a ƙasa! Ba don ni ba da ya nutse da naman bayin Allah. Seman, je ka duba, in ka ga ɗigo ɗaya na ba ka hular nan."

Pak Seman ya je ya duba ya dawo yana sosa ƙeya. Pak Derani kuwa ya tafi gida yana tafiyar ango.

Washegari da safe ya buɗe ƙofar jirgi, ya tsaya jiran sanyin da ya saba marinsa a fuska. Ba sanyi. Koriyar fitila ta koma ja, wani abu yana ta ƙara, ƙit ƙit ƙit, kamar ɗan tsakon da ya ɓata. Gabansa ya faɗi, amma bai daɗe a ƙasa ba. Ya bi ƙarar ya samo wayarta ya fizge, ta yi shiru. Ya sami koriyar ledar alewa ya liƙa a kan fitilar. Ta yi wani launi kamar ruɓaɓɓen mangwaro, amma dai ba za a ce ja ce ba. Ya buɗe firiza ya taɓa nama. Da sauran sanyi, sai dai ya fara laushi.

"Hutawa take yi," ya gaya wa kansa. "Ko jaki yana hutawa."

Da azahar ta yi ba ta gama hutawa ba, sai ya shiga bincike. A bayan wata 'yar ƙofa ya tarar da wani injin daban da makunninsa, lafiyayye, ko ƙura babu. Ya yi murmushi. Bature ba wawa ba ne, dole ya ajiye na ko-ta-kwana. Ya murɗa makunni har ƙarshe. Injin ya yi gurnani, iska ta fara fitowa ta kowace kusurwa, mai ƙarfi kuwa, sai dai zafi gare ta kamar bakin murhu. Kada ku yi saurin zaginsa. A ƙauyenmu ba wanda ya taɓa jin cewa akwai ƙasar da mutum zai sayi injin hura zafi a ɗaki da hankalinsa. Zafi kyauta Allah yake ba mu, har ya yi yawa. Don haka Pak Derani ya tsaya yana sharce gumi yana gyaɗa kai.

"Yauwa. Zafin da ya taru take fara korowa. In ya ƙare sanyi ya biyo baya."

Ya rufe tagogi ruf don kada sanyin ya tsere in ya iso, ya kulle ƙofa ya tafi.

Sanyi bai iso ba. Da ya dawo, hannun ƙofa ma sai da ya sa gefen zani ya kama. Naman ya saki jiki, jatan lande sun fara canza fuska. Yanzu kam ya san ƙanƙara yake bukata, kuma ƙanƙara a ƙauyenmu wurin mutum ɗaya take. Ya tsaya a kan gada ya hango Pak Seman yana wucewa a babur, ya ji gara a tsire shi. Sai ya nufi rumfar shayi, inda ake sayar da ƙanƙarar kwano, wadda ake kankarewa a zuba mata jan siro da madara da wake.

"Ƙulla mini duk wadda kake da ita," ya ce wa mai rumfa.

"Duka? Kai kaɗai?"

"Kwaɗayinta nake ji."

"Ikon Allah," in ji wani mai shan shayi. "Pak Derani, wata nawa ne? A sanar da Tok Embong ta shirya."

Ya kwashi ledoji ya yi ta zarya, yana juye wa naman ƙanƙara da siro da madara da wake. Kafin ya kawo na gaba, na baya ya narke. Mai rumfa da ya ga ciniki ya buɗe, sai ya aika wa Pak Seman a ƙaro masa tubala. Pak Seman ya kawo da kansa, ya zauna yana kallon injiniyan sanyi yana gudu da ledoji yana ɗigar da jan ruwa a kan gada. Har ya ƙara kofin shayi.

Daga nan sai wari ya fara gaisawa da mutane. Pak Derani ya yanko ganyen pandan mai ƙamshi rungume guda ya cusa a kowane lungu. Wari ya haɗiye ƙamshin ya ƙara ƙiba. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda shi kaɗai take faɗowa. Ya sayo durian manya, 'ya'yan itacen nan masu ƙaya da warin tsiya, ya fasa su ya jera a kan daɓen jirgi, don duk wanda ya toshe hanci a ce masa durian ne. Haɗuwar durian da ruɓaɓɓen jatan lande da madara a cikin zafin nan, ni dai ba zan kwatanta muku ba, kuna iya cin abinci. Kyanwoyin ƙauye suka yi sahu a kan gada. Guzaye suka riƙa kewaya jirgi a ruwa. Shaho ya gayyato danginsa suna shawagi a sama.

"Derani, me dabbobin nan suke nema?" in ji Tok Embong.

"Sanyi, Tok. Su ma bayin Allah ne, zafi ya dame su."

"Hm. Ni dai tun da jirgin nan ya daina fitsari ban ga lafiya a tare da shi ba. Na karɓi haihuwa har na gaji, duk jaririn da bai yi fitsari ba hankalina ba ya kwanciya."

"Tok, wannan ilimin inji ne, ba na zanin goyo ba."

Ana gobe biki, da la'asar, sai ga Mak Sepiah da kanta, ɗauke da ƙunshin shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Pak Derani ya taro ta tun daga farkon gada, inda iska ke kaɗawa ta ɗaya gefen.

"Na zo in ga naman," ta ce.

"Haba, Mak Sepiah! In aka buɗe yanzu sanyin ya fice, sai an sake tara shi daga farko. Naman nan ya daskare, in kika jefi kare da shi sai an biya diyya."

Ta yi ɗan murmushi, ta miƙa masa ƙunshin. "Na ga kana ta wahala saboda ni. Har ka rame. Ci wannan, da zafinta."

Bai taɓa jin muryarta da laushi haka ba. Gaskiya ta taso masa har maƙogwaro. Da ya faɗe ta a lokacin, da an nemi mafita tun da sauran rana, da ta yi fushi ta huce. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ba na kunya kaɗai ba, na rasa matar nan. Amma bakin da ya saba ba ya tambayar mai shi. Abin da ya ji kansa yana faɗa shi ne, "Ki kwanta da minshari. Gobe dangin ango za su san an zo garin injiniya."

Gari ya waye, aka hura wuta, tukwane suka hau, albasa da kayan yaji suna jiran nama. Mata suka sake jerin gwano da bahuna, Mak Sepiah a gaba. Wasu daga dangin ango suka biyo, don an riga an cika musu kunne da labarin firizar jirgi, har da wata gwaggon ango mai zoben zinariya a kowane yatsa. Tun daga tsakiyar gada aka fara ja da mayafi kan hanci.

"Durian ne," in ji Pak Derani. Muryarsa ta fito siririya.

"Buɗe," in ji Mak Sepiah.

"Da dai a bari rana ta ɗan..."

"Buɗe, Pak Derani."

Ya buɗe. Zafi ya fito ya bugi na gaba har suka ja da baya suka taka na baya. Gwaggon ango ta ce, "Firiza ce ko gidan burodi?" Mak Sepiah ta shige ita kaɗai, ta ɗaga murfin firiza. Abin da ke ciki ya kumbura ya yi kore, yana iyo cikin jan siro, wake yana yawo a sama. Wata mata ta saki baho ya faɗa ruwa. Gwaggon ango ta ruga bakin gada ta mayar da karin kumallonta, guzaye suka yi godiya.

"Wake?" in ji Pak Seman, yana leƙe ta taga da hanci a toshe. "Injiniya, har ka dafa mana? Kwamfaresa ce ta ba da wannan girkin?"

"Maƙiya ne!" in ji Pak Derani. "An yi wa jirgin nan asiri. Ni da na cece shi daga nutsewa, na toshe ramin da..."

"Ka toshe me?" in ji Tok Embong daga kan gada. "Kai ne ka ɗaure masa mara? La ilaha illallahu! Je ka kwance shi, ja'iri!"

Ko don ya bi maganar tsohuwa ne, ko don ƙarƙashin ruwa ne kaɗai wurin da ba idon Mak Sepiah, Pak Derani ya faɗa teku da hularsa. Aka jira. Can ya taso da turke a hannu, daidai gefen jirgi. Wani abu a ciki ya yi tari, ya yi gyatsa, sai ga fitsarin ya dawo da ƙarfinsa, da laka da komai, ya sauka a tsakiyar kansa. Wani saurayi daga dangin ango ya shiga ya kashe injin zafi, ya ɓare ledar alewa. Ba a jima ba fitila ta koma koriya, firiza ta kama aiki tiƙis, tana sanyaya mushen da kyau.

Ba wanda ya yi dariya da farko, saboda Mak Sepiah tana tsaye da baho wayam a hannu, hawaye na bin fuskarta, ga baƙi cike da rumfa a gida. Sai Pak Seman ya yi gyaran murya.

"Tun ranar da na ga injiniyan sanyi yana sayen ƙanƙarar kwano na tare masunta. Akwai kifi a rumbuna, cikin garin katako, irin na mutanen da. In ba za a raina ba."

Da kifi aka yi bikin. Dangin ango sun ci, sun kuma yi gulmar da za su yi, har yau ana kiransa bikin wake. Pak Derani ya so ya sulale gida, amma a wajenmu ba a gudun aikin biki, sai dattawa suka damƙa masa mafici suka tsayar da shi kan tirayen kifi yana korar ƙudaje. Duk wanda ya zo ɗiba sai ya ce, "Injiniya, a ƙara sanyi." Ya yi wanka ya sake wanka, amma kyanwoyi ba su daina binsa ba.

Ana tsakiyar cin abinci, rumfa cike, sai ya ji muryarta daga bayansa, da laushin nan na ranar shinkafa.

"Abang!"

Kafin hankalinsa ya iso, ya riga ya juya, ya amsa da ƙarfin da kowa ya ji.

"Na'am!"

Kowa ya juyo. Mak Sepiah tana riƙe da kofin shayi, idonta ya wuce ta kan kafaɗarsa zuwa inda gajeren nan yake zaune yana suɗe yatsa.

"Abang Seman, ga shayinka," ta ce. Sannan ta dubi mai mafici. "Pak Derani, ƙuda ya sauka a kifi."